Gidan maganin Skriboniya da mijinta a Ostiya: abin da ya iya da abin da ya gagare shi

Idan ana son sanin darajar asibitin unguwa, a Tudun Wada yake ko Rigasa ko Kawo, tambayoyin ba su da yawa. Wa ke aiki a ciki, da wane kaya, me yake yi idan jini ya ƙi tsayawa, nawa ake biya, wa kuma za a riƙe idan an yi ɓarna. Da wannan mudun za mu auna wani gidan magani na miji da mata da ya yi aiki a daular Rum wajen shekara ta 140 Miladiyya, a yankin Ostiya, tashar jiragen ruwan birnin Rum da ke bakin kogin Tiber. Uwargidan, Skriboniya Attike, ungozoma ce. Maigidan, Markus Ulpiyus Amerimnus, likitan aska ne. Ya cancanci sharhi a Kaduna domin da yawa daga ayyukan irin wannan gida suna nan daram a hannun wanzamai da maɗora da ungozomomin gargajiya, wasu ma da kayan aiki iri ɗaya. Hukuncinmu tun daga ƙofa shi ne gida ne da hannunsa ya faɗa a kan abin da ido ke gani, yana kuma tuntuɓe a kan abin da ke ɓoye, wato ƙwayar cuta, da jinin da ke tsiyaya daga ciki, da ƙarfin maganin da ake ɗura wa mutum.

An san mutanen gidan ne ta kabarinsu, mai lamba 100 a maƙabartar Isola Sakra, tsakanin Ostiya da Portus. Skriboniya ce ta gina shi, rubutun da ke gabansa ya ce don kanta ne da mijinta da mahaifiyarta da bayin da ta 'yanta, ban da mutum biyu da ta ambaci sunansu ta cire. A jikin ginin an manna allo biyu na gasasshen yumɓu. Ɗaya na nuna mace a kan kujerar haihuwa, wata ta riƙe ta ta baya, ungozoma na zaune ƙasa-ƙasa a gabanta. Ɗayan na nuna likita yana aiki a ƙafar wani da ya sa sawu cikin kwano, ga akwatin asake a buɗe. Wannan shi ne tsarin gidan gado kamar yadda muka san shi: mata na ganin mata, miji na ganin rauni da karaya, yaran gida na riƙe mara lafiya suna koyo da ido.

Fasalin ɗaki da kaya kuwa, a garin Rimini na ƙasar Italiya aka fi ganinsa, wanda Rumawa ke kira Ariminum. A 1989 aka tono gidan wani likita a can, mai suna Yutikes bisa wani rubutu da aka kankara a bango. Ɗakin duba marasa lafiya na cikin gidan kwana, kusa da shi akwai ƙaramin ɗaki mai gado inda ake kwantar da wanda aka yi wa aiki. An samu kayan tiyata kimanin 150, da turame na daka magani, da ma'auni, da tukwane masu sunan ganye da rubutun Girkanci, da wani kasko mai siffar ƙafa da ake zuba wa ruwa ko mai mai ɗumi don gasa sawu. Askar Rumawa abar yabo ce. Ƙotarta ta tagulla ce, bakinta na baƙin ƙarfe ne da ake cirewa a sauya idan ya dakushe, ɗaya gefen ƙotar kuma an yi shi kamar ganye, ba kaifi, don raba nama ba tare da an yanke jijiya ba. Akwai ƙugiya mai tsini da marar tsini, da hantsaki iri-iri, da zarto, da ƙarfen ɗaga karyayyen ƙashi. Har bututun fitsari na tagulla suna da shi, kuma Selsus, wanda ya rubuta littafin likitanci mai juzu'i 8 a zamanin sarki Tiberiyus, ya faɗi tsawonsa: na maza uku, faɗin yatsa 15 da 12 da 9, na mata biyu, 9 da 6. Ta fuskar ƙira babu abin kushewa. Aibin shi ne babu wanda ya san dalilin tafasa ƙarfe tsakanin mara lafiya da mara lafiya.

Ɗakin haihuwa shi ne wurin da gidan ya fi burgewa, shi ne kuma inda ya fi ban tausayi. Soranus, likitan Afisa da ya yi aiki a Rum a zamanin sarakuna Tarajan da Hadiriyan, ya rubuta abin da ake bukata daga ungozoma, kuma duk wata matron a asibitin Barau Dikko za ta sa hannu a kan mafi yawansa. Ta iya karatu, ta kasance mai riƙe abu a ka, marar shaye-shaye domin ba a san sa'ar da za a buga mata ƙofa ba, mai rufa asiri, marar camfi, mai gajerun farce, hannunta da laushi. Kayan da za a tanada kafin naƙuda ta kankama su ne man zaitun, ruwan ɗumi, soson teku mai laushi, ulu, ƙyallen naɗe jariri, matashi, abin shaƙa don farfaɗo da mai jego, gado biyu, mai tauri na naƙuda da mai laushi na hutawa, sai kujerar haihuwa. Kujerar na da rami mai siffar jinjirin wata, da madogarar baya, da marika a gefe biyu da mace za ta damƙa lokacin nishi. Mataimaka uku ya nema, biyu a gefe ɗaya a baya. Ya kuma ce kada ungozoma ta ƙura wa al'aurar mace ido, don kada kunya ta sa jikinta ya ɗaure. A allon Skriboniya an zana ta fuskarta na kallon wani wuri hannunta na aiki. Mace a zaune ko a durƙushe, kamar yadda iyayenmu ke haihuwa a kan gwiwa, nauyin jariri na taimaka mata, kuma har yau ba a hana mai naƙuda lafiyayya zaɓar hakan.

Yankan cibiya ma ya yi shi da hankali. A auna faɗin yatsa huɗu daga cikin jariri, a yanke da ƙarfe mai kaifi, a matse jinin da ya rage, a ɗaure da zaren ulu. Ya soki ungozomomin da ke yanka da gilashi ko kara ko tsingaro saboda camfin ƙarfe. Mabiyiya kuma ya hana a fizge ta da ƙarfi, domin mahaifa na iya biyo ta waje. Duk wannan daidai ne. Abin da ya rage masa shi ne sabuwar reza da aka buɗe a gaban uwa, da hannun da aka wanke da sabulu, da man kulohezidin da ake shafa wa cibiya yanzu. Ta cibiya cutar sarƙewar haƙora ke shiga jariri, ta nuna kanta tsakanin kwana 3 zuwa 14: yaron da ke tsotso lafiya sai ya kasa kama nono, jiki ya sandare. Toka ko man goge baki ko gashi da tsumma mai datti duk hanya ɗaya suke buɗewa.

Daga nan sai kurakurai. Soranus ya ce a barbaɗa wa jariri lallausan gishiri, a wanke shi, a bar shi ba abinci har kwana biyu, sannan a lasa masa dafaffen zuma, a kuma nisanta shi da nonon uwarsa na farko domin a ganinsa mai kauri ne marar kyau. Wannan kuskuren ya yi tafiya mai nisa, don har yau akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar. Dakashi shi ne rigakafin farko na yaro, ana so a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, tsotson ma na taimaka wa mahaifa ta tsuke. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya ɓuya a cikinta ta shanye masa jiki.

Inda ruwa ke ƙare wa ɗan kada shi ne haihuwar da ta zo da gardama. Idan jariri ya kwanta a gicciye, ungozoma ko likita na shafa mai a hannu a shiga a juyo shi ta ƙafa, kuma mai gwaninta na cin nasara. Idan kai ya fi ƙugu girma, babu fiɗa, domin Rumawa ba sa tsaga cikin mace sai bayan ta rasu. Abin da ya rage shi ne a sa ƙugiya a fito da jariri gunduwa-gunduwa don a ceci uwa. Idan jini ya ɓalle bayan haihuwa, ruwan khal da soso da ɗaure gaɓoɓi ne kawai a hannunsu. Mahaifar da ta saki ba ta jin wannan. Jinin da ya wuce rabin lita an shiga haɗari, mace na iya tafiya cikin awa biyu. Yau allurar oksitosin guda ɗaya cikin minti ɗaya da fitowar jariri, ko ƙwayar misofurostol inda babu firij, ita ke tare mafi yawan wannan. Jijjiga kuma ba su da abin auna hawan jini balle su hango ta. Saboda haka ungozomar unguwa da ta fi kowa hannu mai kyau, idan ba ta da waɗannan kuma ba ta da lambar mai mota, matsayinta ɗaya da Skriboniya a daren da abu ya ɓaci.

Aikin da aka zana maigidan yana yi, ƙafa a cikin kwano, masana da yawa na fassara shi da zubar da jini ta jijiya. Wannan ce hidimar da aka fi saya a irin gidan nan, ita ce kuma mafi ƙarancin amfani. Tunaninsu shi ne jiki na da ruwa huɗu, cuta na zuwa idan ɗaya ya rinjayi saura, don haka a rage. Selsus ya yi ƙoƙarin sa mata linzami. Ya ce a duba ƙarfin mutum kafin shekarunsa, a raba zubarwar kwana biyu maimakon a kwashe lokaci ɗaya, idan jinin ya fito ja garau a tsaya nan take. Ya yi gargaɗi cewa jijiyar da ake nema na maƙwabtaka da jijiya mai bugawa da kuma ta motsi, idan aska ta taɓa mai bugawa ba ta haɗewa. Gargaɗin gaskiya ne, amma aikin kansa ba ya warkar da zazzaɓi. A gaɓar tekun Italiya ta wancan zamani zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, shi kuwa yana cinye jini tun kafin a zo wurin likita. A ƙara zubar wa irin wannan mutum jini, an taya cuta aiki.

Ƙaho kuwa, wanda ya karanta bayanin Selsus zai ɗauka a zauren wanzami aka rubuta shi. Iri biyu ne, na tagulla da na ƙahon dabba. Na tagulla ana kunna ɗan ƙyalle a jefa ciki a kifa a jiki, wuta ta mutu ya kama. Na ƙaho yana da ƙaramin rami a tsini, a zuƙe iska da baki a toshe da kaki. Idan an yi tsaga kafin a kifa, jini ke fita, idan ba a yi ba iska kawai yake ja. Ya ce ƙaho ya fi tsaga jijiya sauƙin haɗari, kuma a nan ya yi daidai, tun da jinin da ke fita kaɗan ne daga fata. Haɗarin ƙaho na ga askar. Aska ɗaya a bayan mutum biyar hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau, gogewa da tsumma ko tsomawa a ruwan zafi ba ya kashe su. Mai son ƙaho ya tafi da sabuwar rezarsa, ya tabbatar ƙahon ma ba a cire shi daga jikin wani aka ɗora masa ba. Mai ƙarancin jini, da mai sikila, da mai shan maganin tsinka jini, su haƙura da shi.

A kan sara da suka, gidan ya ci yabo. Matakan tsayar da jini da Selsus ya rubuta a jere suke kuma jerin na da ma'ana. A cusa busasshen ƙyalle a raunin, a ɗora soson da aka matse daga ruwan sanyi, a danna da hannu. Idan bai tsaya ba a sauya ƙyallen, a jiƙa shi da khal. Idan ya ci gaba, a kamo jijiyar a ɗaure ta wuri biyu a yanke tsakani. Lalas da jan ƙarfe shi ne na ƙarshe, sai inda ɗauri ya gagara. Wannan ɗaurin jijiya da zare shi likitocin tiyata ke yi har gobe. Ɗinki kuma kada ya yi tazara har baki ya buɗe, kada ya yi matsi har fata ta yage, kuma kada a rufe rauni da gudan jini a ciki domin zai zama mugunya. A buɗe rana ta uku a goge, rana ta biyar a duba yadda kumburi ya tsaya. Alamomi huɗu da ya lissafa, ja da kumburi da zafi da ciwo, su ake koya wa ɗaliban jinya har yau. Khal da giyar inabi da zuma da suke sa wa rauni suna rage ƙwayoyin cuta da gaske, ko da yake su ba su san da ƙwayoyin ba. Sai dai raunin da ya yi zurfi ya sha ƙasa, kamar na ƙusa ko na faɗuwa daga babur a kan titi, ba su da allurar rigakafin sarƙewar haƙora da za su bi shi da ita. Idan ƙafa ta ruɓe, Selsus ya ce a yanke ta cikin lafiyayyen nama, gara a haɗa da mai kyau da a bar ruɓaɓɓe, a goge bakin ƙashi, a jawo fata a rufe. Ya kuma faɗa da bakinsa cewa mutane na mutuwa a tsakiyar aikin saboda zubar jini.

Ɗori shi ne sashen da ya kamata maɗoran Kaduna su tsaya su saurara, domin a wuri ɗaya Barumen nan Selsus ya fi da yawansu taka-tsantsan. Bayan an ja gaɓa an daidaita ƙashi, ba ya ɗora kara a ranar. Yana naɗe wurin da ƙyalle shida da aka jiƙa da giya da mai, ya kwance a rana ta uku ya sake naɗewa, haka a ta biyar, sai kumburi ya saɓe wajen rana ta bakwai ko ta tara sannan a jera karare. Ko a lokacin, ɗaurin na riƙewa ne kawai, kada kara ya hau kan ƙashin da ya turo kamar idon sawu, kuma ana gyara shi duk bayan kwana uku. Dalilin ya fito fili ga wanda ya taɓa ganin hannun yaro ya yi baƙi. Karaya na ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku. Idan an ɗaure tamau tun ranar farko, naman ba shi da wurin faɗaɗa, sai ya matse jijiyoyin jini, cikin kamar awa shida tsoka ta fara mutuwa. Alamominsa: ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, yaro na ihu idan an miƙe masa yatsu, yatsun sun yi sanyi ko sun mutu ko sun canza launi. Wanda ya ga haka ya kwance ɗaurin a take ya nufi asibiti, kada ya saurari mai cewa ƙashi ne ke kamawa. Karayar gwiwar hannu a yara ita ta fi yin wannan.

Kwanakin warkewa da ya bayar su ne 14 zuwa 21 ga muƙamuƙi da haƙarƙari da ƙashin wuya da tafin hannu, 20 zuwa 30 ga ƙwauri da sangalin hannu, 27 zuwa 40 ga damtse da cinya. Ga ƙaramin yaro lissafin bai yi nisa da gaskiya ba. Ga babban mutum ya yi gajarta ƙwarai, ƙwauri da cinya na neman wata uku ko fiye kafin a taka da nauyi. Ya kuma amsa cewa cinyar da ta karye takan warke a gajarce, domin babu ɗaurin da ke rinjayar tsokar cinya. Yau ƙarfe ake sa wa a ciki. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta cikin gaɓa, da ta ƙugun tsoho, ba na gidan ɗori ba ne a Ostiya, ba kuma nasa ba ne a Unguwar Sanusi. Hoton ƙashi kafin a taɓa shi ne abu ɗaya da Amerimnus zai ba da komai ya samu, mu kuwa yana nan kusa.

Aikin yanar ido ba mu ba shi maki ko ɗaya, duk da tsarinsa a rubuce yake tsaf. Mara lafiya ya rage ci kwana uku, ya yi azumin jajibiri, ya zauna yana fuskantar haske, wani ya riƙe masa kai ta baya, a rufe ɗaya idon da ulu. Likita ya soka allura tsakanin baƙin ido da gefen da ke wajen kunne, idon hagu da hannun dama, na dama da hagu, ya tura yanar ƙasa, ya rufe da ulun da aka jiƙa da farin ƙwai. Mutum na ganin haske a take, abin da ke sa a yi ta yabon mai allura ke nan. Amma abin da aka ture shi ne madubin ido kansa, ba a kuma sa wani a gurbinsa ba, don haka gani ya zama dishi-dishi. Madubin da ya faɗa ciki yana tayar da kumburi da hawan jinin ido, bayan makonni ko watanni idon ya mutu. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya samu cewa sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana da wannan hanyar aka yi musu, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanun makafi ne. Rumawa ba su da zaɓi. Mutumin Kaduna na da Cibiyar Ido ta Ƙasa a cikin garinsa, inda ake cire yanar a dasa sabon madubi.

Belu ma suna cirewa, da hantsaki na musamman. Amma Selsus ya hana a taɓa shi idan ya yi ja yana ciwo, saboda zubar jini, sai wanda ya yi tsawo ya yi fari ya daɗe yana damun mutum, a kuma yanke abin da ya yi yawa kawai. Bai ce a bi kowane jariri a cire masa kafin suna ba. Jaririn kwana bakwai duk jinin jikinsa bai fi cikin kofin shayi ɗaya ba, abin da zai haɗiye ko ya shaƙa daga wannan yanka ya isa ya kai shi gadon asibiti.

Ɗakin haɗa magani na da kyau da muni a turmi ɗaya. Likita Diyoskorides ya bayyana tsirrai kimanin 600 a ƙarni na farko, da yadda ake gane na jabu. Ofiyom mai kyau, wato maganin kashe ciwo da sa barci, in ji shi, yana da nauyi da ɗaci, yana narkewa a ruwa da sauƙi, 'yan kasuwa kuma na gauraya shi da ƙaro ko ruwan latas. Awo na nan: Selsus ya raba oza ɗaya, kimanin giram 27, zuwa nauyin dinari bakwai, kowane dinari kuma kashi shida. Kafin yanka ko lalas ana dafa saiwar mandiragora a giya har ta koma kashi ɗaya cikin uku, a ba da ƙaramin kofi mai kimanin mililita 45. Mandiragora dangin zaƙami ce, sinadarinsu iri ɗaya ne, kuma wanda ya san zaƙami ya san matsalar. Ma'auni na auna nauyin saiwa, ba ya auna ƙarfinta, saiwar bana ba ta zama ɗaya da ta bara ba. Kofin da ya sa wani barci zai sa wani sambatu da bugun zuciya, ya kai na uku lahira. Man shafawa da na ido kuma da yawansu akwai dalma a ciki, guba mai taruwa a jiki a hankali, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, irin kuma wadda ke cikin tozalin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai. A gefe guda, an samu ƙwayoyin maganin ido masu sinadarin tutiya a wani jirgin ruwa da ya nutse a gaɓar Tuskani a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, shi kuwa tutiya har yau ana amfani da shi a maganin fata.

Kuɗi babu tsayayyen farashi, ciniki ne tsakanin likita da mai jinya. A saman tsani, marubucin Rum Filini ya ruwaito cewa likita Kwintus Sitatiniyus ya karɓi sestas 500,000, wato kuɗin Rumawa, a shekara daga fadar sarki yana cewa alfarma ya yi, domin a gari yana samun 600,000, a lokacin da sojan Rum ke karɓar 900. Gidan Skriboniya na ma'aikatan tashar jirgi ne da 'yan kasuwa, amma ya samu abin da ya gina kabarin bulo ya kuma 'yanta bayi. Doka ta yarda ungozoma ta kai ƙara kan ladanta kamar likita, ta kuma ɗora mata alhaki idan ta ɗura wa mace maganin da ya kashe ta. Takardar shaida kuwa babu. Duk wanda ya ce shi likita ne ya zama, har wani Tesalus ya yi alkawarin koyar da sana'ar cikin wata shida. Sarki Antoninus Piyus ya ƙayyade likitocin da gari zai yafe wa haraji, 5 a ƙaramin gari, 7 a matsakaici, 10 a babba, majalisar gari ce ke zaɓa, kuma wannan ne mafi kusa da tantancewa da suka yi. Abin da ke kare mara lafiya a gidan iyali shi ne sunan gidan: likitan na kwana a unguwar, 'ya'yansa za su gaji ƙofar, gawa ɗaya na iya rufe ta. Kariya ce, amma tana aiki ne bayan an yi rashi. A nan kuwa mutum na da ikon ya nemi ganin lasisin Hukumar Likitoci ko ta Ma'aikatan Jinya da Ungozoma a bango kafin ya miƙa hannu.

Gidan Yutikes na Rimini wuta ce ta cinye shi wajen 260, lokacin da mayaƙa daga arewa suka kutsa Italiya. Rufin ya rufta a kan kayan, zafi ya manne wasu asake da junansu, shi ya sa suka kai zamaninmu a wuri ɗaya. Tun 2007 aka buɗe wurin ga masu ziyara, kayan kuma suna gidan tarihin garin, allunan Skriboniya biyu suna gidan tarihin Ostiya.